Ayar da Dalmar Yake Kauce Wa

Shafi na 19

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Waɗanda suka rubuto suna neman in fito fili in faɗa ko yaron nan ya halaka ko bai halaka ba, ina roƙonsu su sassauta, domin hukuncin zukata ba a hannuna yake ba. Masu zaginsa kuma su tuna cewa su ma suna da 'ya'ya a makarantu.

*

Dalmar ya tayar da mota, ya kunna na'urar ɗumi. A gefensa Ma'allin Tahlil, tsohon da ya haddatar da shi Alƙur'ani tun yana ƙarami, yana zaune da baƙin tabarau da aka ba shi a asibitin ido. Maganin da aka ɗiga masa ya sa ko farin ƙanƙarar da ta rufe birnin Minneapolis sukarsa yake yi.

"Me likitar ta ce, Ma'allin?"

"Ta ce na hagu ya tafi. Na dama yana ɗaure kaya."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Abin da zan gani na gani."

"In kai ka gida ko masallaci?"

"Kada ka kai ni ko'ina tukuna. Bar ta ta yi ɗumi. Ƙasusuwana ba na ƙasar nan ba ne."

Dalmar ya sauke hannu daga sitiyari. Iska mai zafi tana narkar da ƙanƙarar da ta kama gilashin gaba.

"Yau bayan La'asar za mu shiga Suratul Hijr," in ji tsohon.

"Ina da aiki a jami'a yau."

"Ranar Asabar?"

"Akwai abin da ban gama ba."

"Mahaifinka ya baro tirelarsa ya taho saboda zaman yau. Dattawan masallaci za su zo su ji wanda zan tsayar ya ja tarawihi a madadina. Azumi ya ƙarato. Kai kuma kana da abin da ba ka gama ba."



Zaman da tsohon yake nufi shi ne subis, irin wanda suka gada daga gida. Mahaddata su zauna a da'ira, kowa ya kawo aya ɗaya da ka, na damansa ya ɗauki ta gaba, sauran kuma su kama ƙarshen kowace aya da murya ɗaya. Haka ake bin Littafin Allah daga farko zuwa ƙarshe, a sake komawa farko.

"Ɗana, ido ya tafi, amma kunne yana nan. Zan gaya maka abin da kunnena ya ji, idan na yi kuskure ka gyara mini."

"To."

"A zagayen bara, da muka zo Mu'minun, ka tashi ka ba abokin haddarka Liban wurinka, ka koma gefen taga. Ka ce zafi kake ji. A tsakiyar hunturu."

"Haka ne."

"Da muka zo Sajda, alwalarka ta karye. Da muka zo Sad, ka tafi ɗebo mana shayi, alhali babu wanda ya aike ka. A zagayen bana kuma, a A'araf, tari ya kama ka. Na daɗe ina cewa a raina, wannan yaro me yake gudu? Sai na zauna na jera wuraren."

Dalmar yana kallon wata mata tana kankare ƙanƙara daga gilashin motarta.

"Duk inda Allah ya ambaci halittar babanmu Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga yumɓu, kana lissafa kawunan da ke zaune tun kafin a fara. Idan ka ga a kanka ayar za ta faɗo, sai ka sauya wuri. Idan a kan wani ta faɗo, ana kama ƙarshenta, muryarka ba ta ciki. Na yi ƙarya?"

"Ba ka yi ƙarya ba, Ma'allin."

Ya faɗi haka ne ba da rawar murya ba. Ya daɗe yana zaton ranar da asirin nan zai tonu zai ji kamar ƙasa ta tsage. Ga shi ya tonu, abin da ya ji kawai shi ne yatsun ƙafarsa sun fara ɗumi.

Haka rayuwarsa ta koma tun wani lokaci. Yana tashi Asuba a kan kari, ya yi salla, ya karanta hizifinsa. Ya bi bas zuwa jami'a inda yake karatun ilimin halittu da niyyar zama likita. Da rana ya shimfiɗa rigar sanyinsa a ƙarƙashin matakala ya yi Azahar. Da yamma ya shiga ɗakin ajiyar ƙasusuwan dabbobi, inda ake biyansa don ya goge su ya mayar da su akwatunansu. Ya dawo gida, mahaifiyarsa ta zuba masa shinkafa da ayaba a gefe, ya cinye bai san ko da gishiri ko babu ba. Ranakun hutu ya koyar da yara baƙi da wasali. Babu abin da ya bari, babu kuma abin da yake ji.

"To gaya mini," in ji Ma'allin Tahlil. "Biri ne?"

"Ba kamar yadda mutane suke faɗa ba."

"Ni ma mutane ne. Gyara mini."

"Ba su ce biri ya haifi mutum ba. Cewa suka yi halittu duka sun gangaro daga juna a cikin dogon zamani, har mu da birai muka haɗa kaka can da nisa. Shi ne juyin halitta."

"Wannan na sha ji. Akwai direban tasi da ya taɓa yi mini wa'azinsa tun daga filin jirgi har gida. Ba maganar direban tasi ce ta hana ka karanta aya ba."

"A'a."

"To mece ce?"



"Da farko ƙasusuwa ne. Fiffiken jemage, da hannun kyanwa, da nawa. Idan ka jera su a tebur, ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sai yatsu. Wannan bai dame ni ba. Na ce Mai yin ɗaya ne, shi ya sa aikin ya yi kama."

"Ka faɗi daidai."

"Sai muka zo kan rubutun da ke cikin jiki. Kowane mai rai yana ɗauke da shi, yanzu ana karanta shi harafi bayan harafi."

"Na san shi. Da shi suka gwada ni da 'yata kafin su bar ta ta shigo ƙasar nan. Suka goga mana auduga a baki, wai su tabbatar ni na haife ta. Yarinyar da hancina ne a fuskarta."

"To a cikin rubutun akwai wani layi da ke sa jiki ya haɗa wa kansa sinadarin nan da ake samu a lemo. Akuya nata yana aiki. Raƙumi nasa yana aiki. Namu ya lalace, shi ya sa sai mun ci daga waje."

"Allah ya ba mu lemo."

"Na manyan birai ma ya lalace. Kuma akwai ɓarna a cikinsa da take wuri ɗaya da tamu, iri ɗaya."

Dalmar ya juyo ya dubi tsohon.

"Ma'allin, ka tuna yaran nan biyu da suka zo mana daga Ohio? Ba tare suka zo ba, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Ka saurari na farko, ka saurari na biyu, suka yi kuskure ɗaya a wuri ɗaya a Suratu Yusuf. Ka ce musu, malaminku ɗaya. Suka buɗe baki suna mamaki."

"Na tuna."

"Ka ce mana karatu daidai ba ya nuna daga inda mutum ya ɗauko, domin daidai ɗaya ne a ko'ina. Kuskure ne yake nuna asali."

"Na faɗa."

"Ranar da aka nuna mana layin nan a allo, muryarka na ji."

Ma'allin Tahlil ya jingina kansa da kujera. Ya daɗe a haka, leɓɓansa suna motsi da tasbihi.

"Ka ɗauki sandata ka buge ni da ita," ya ce a hankali.

"Ka gafarce ni."

"Ban ce ka yi laifi ba. Cewa na yi ta yi zafi."

Wata motar share hanya ta wuce tana watsa gishirin narkar da ƙanƙara.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana. Ban san amsar lemon nan ba. Abin da na sani shi ne Ubangiji ya ba da labari, kuma labarinsa gaskiya ne. Yadda labarin ya haɗu da abin da ka gani a allo, wannan ya fi ƙarfin karatuna. Amma na ji akwai malamai masu ilimin ɓangarorin biyu da suka yi rubutu a kai."

"Na karanta su."

"Duka?"

"Duk wanda na samu. Masu cewa ƙarya ce tsagwaronta. Masu cewa sauran halittu sun bi wannan hanya, amma Annabi Adamu an keɓe shi, kamar yadda aka keɓe Annabi Isa ba uba. Da masu cewa wani abu dabam."

"Sai me?"

"Idan na karanta wannan in ga kamar yana da gaskiya. In karanta wancan, shi ma in ga kamar yana da ita. Sai in rufe kwamfuta in je in ci abinci."

"Ka san sahabbai sun taɓa zuwa wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a zukatansu da suke ganin girman furta shi. Ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani."

"Kai ka karantar da mu hadisin."

"To?"

"Su abin ya yi musu nauyi, Ma'allin. Shi ya sa suka zo. Ni bai yi mini nauyi ba. Da ina kuka da dare, da na ce ina cikinsu. Barcina nake yi lafiya lau."

Wannan ce maganar da ta sa tsohon ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ko da yake ba ganinsa yake yi sosai ba.

"Kana salla?"

"Ban taɓa bari ba."

"Me kake ji a sujada?"

"Warin darduma."

"Ka fita daga addini, Dalmar? Ka ba ni amsa kai tsaye, ba zan mutu ba."

"Ban sani ba. Kamar ina tsaye a ƙofar masallaci da takalmi a hannu, na manta shigowa nake yi ko fita."

"To idan ba ka jin komai, me ya hana ka karanta ayar kamar sauran? Harshe ne kawai."

"Sauran idan na karanta, babu abin da ke ce mini a'a. Wannan kuwa, idan na ɗaga murya da ita a gaban mutane, shaida nake bayarwa. Ban taɓa yi wa Littafin nan ƙarya ba. Shi kaɗai ya rage mini."

Wayar Dalmar ta yi ƙara a inda take maƙale kusa da sitiyari. Sunan mahaifinsa, Warfa, ya fito. Ya taɓa ta, muryar ta cika motar.

"Kai, ina ka shiga? Na iso gida tun ɗazu, uwarka ta sa ni naɗe samosa kamar amarya."

"Sannu da hanya, Abo. Na kai Ma'allin asibiti ne, yana ji."

"Ma'allin! Sun gyara idon, ko har yanzu kana yi wa na'urar sayar da lemo sallama?"

"Sau ɗaya na yi, Warfa, kuma ta fi ka ladabi, ba ta katse ni ba."

Warfa ya yi dariya har da tari.

"Na sayo wa limaminmu jallabiya fara, da hula. Duk direban da na haɗu da shi daga Nebraska zuwa nan ya san ɗana ne zai ja tarawihi bana. Wani ma cewa ya yi zai sauya hanya don ya zo ya bi shi salla."

"Ban faɗi suna ba tukuna."

"Wa kake da shi? Liban? Mai karatu kamar bas za ta bar shi? Haba, Ma'allin. Shekarun da na yi ina kwana a bayan kujerar mota, don wannan ranar na yi su. Dalmar, ka ci abinci?"

"Zan ci, Abo."

"Ka sha ruwan zafi da zuma saboda murya. Sai mun haɗu."

Wayar ta mutu.

Dalmar ya dubi hannuwansa.

"Ka ba Liban, Ma'allin. Haddarsa tana da kyau, saurin ne kawai."

"Mahaifinka zai tambaye ni dalili."

"Ka ce muryata ce. Ko karatun jami'a ya yi mini yawa."

"Na tsufa ban yi ƙarya don kaina ba, sai in fara don kai?"

"To ka gaya masa gaskiya."

"Wannan ba tawa ba ce da zan ba wani. Amana ce."

"To ya za ka yi?"

"Ban sani ba tukuna. Idan na tsayar da kai, na sa mutane a bayan wanda bai san ko shigowa yake yi ko fita ba, kuma za a tambaye ni gobe kiyama. Ka kuma sani a mihirabi babu na dama da zai ɗauke maka aya, dukansu ta bakinka za su bi. Idan kuwa na ture ka, ina tsoron turawar ce za ta gaya maka fita kake yi."

Ya gyara tabarau.

"Abu ɗaya nake nema. Yau ba za ka tafi jami'a ba. Za ka zauna a damana, gwiwarka tana taɓa tawa. Ba zafi, ba shayi, ba tari. Alwalarka ta karye ma ka zauna, da ka ake karantawa."

"Idan ta faɗo a kaina fa?"

"Sai mu ga abin da Allah zai yi da mu. Ja motar, na yi ɗumi."

*

Bayan La'asar aka janye labulen da ke raba zauren masallacin, aka buɗe fili. Takalman sanyi sun taru a ƙofa, ƙanƙararsu tana narkewa a kan tabarmar roba. Dattawa suka jeru a kan kujeru a jikin bango, kowa da kofin shayi. Ƙamshin samosa yana fitowa daga ɓangaren mata.

Mahaddata suka yi da'ira. Dalmar ya zauna a daman Ma'allin Tahlil kamar yadda aka umarce shi. Liban ya zauna a damansa shi kuma, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Liman, yau ba ka jin zafi?"

"A'a."

"Idan ka hau, ka riƙa tausaya wa masu aikin safe. Ni da za su ba ni, kafin shayi ya huce mun idar."

"Shi ya sa ba za su ba ka ba," in ji wani daga can gefe. Aka yi 'yar dariya.

Dalmar bai yi niyyar lissafi ba, amma idonsa ya saba. Ya bi kawunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ayoyin surar a kansu. Wadda ta ambaci halittar mutum daga busasshen yumɓu za ta wuce shi ta sauka a kan wani. Wadda ke gaba kaɗan, ta zancen Ubangiji da mala'iku, ita ma haka. Babu ko ɗaya da za ta taɓa shi.

Ya dubi tsohon ta gefen ido. Ma'allin Tahlil ya fi kowa a garin nan saurin irin wannan lissafi, kuma ya san adadin almajiransa ko ba ya gani. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

An yi shiru za a fara, sai ga Warfa ya miƙe daga cikin dattawa. Babban mutum ne, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda zaman tuƙi. Ya taho yana tsallake ƙafafu.

"Ku matsa mini."

"Warfa, nan wurin mahaddata ne," in ji ɗaya daga dattawan. "Dawo ka sha shayinka."

"Ni ma na yi subis a ƙarƙashin bishiya kafin a haifi waɗannan. Hijr tana kaina. A mota nake jin ta kullum."

"Ji dabam, kawowa dabam."

"Yau ɗaya dai zan zauna kusa da ɗana. Ma'allin, ka hana?"

Tsohon ya juya fuskarsa wajen muryar.

"Ba a hana mutum Littafin Allah. Zauna."

Warfa ya kutsa tsakanin malamin da Dalmar, ya naɗe ƙafafu da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Warin man mota da turaren wuta suna tashi daga rigarsa.

Da'irar ta ƙaru da mutum ɗaya, lissafi ya rushe. Dalmar ya sake bi. Yanzu ayar a kan mahaifinsa za ta sauka, shi kuma ya ɗauki ta bayanta, wadda ta ambaci halittar aljanu daga wuta. Ya sake kuɓuta. Ya jira ya ji sauƙi a ransa, bai ji ba.

Ma'allin Tahlil ya nemi tsari, ya yi basmala, ya kawo ayar farko da muryarsa da ta dushe amma ba ta karkace ba. Aka kama ƙarshenta tare. Warfa ya kawo ta biyu da ƙarfi, yana jijjiga, ya sauke ta lafiya, ya juya yana duban dattawa.

"Kun ji?"

"Ba a magana a tsakiya," in ji malamin.

Dalmar ya kawo tasa. Muryarsa ta fita yadda ta saba, tsaf, kowane harafi daga mafitarsa, har wata tsohuwa a bayan labule ta ce masha Allah. Shi kuwa yana jin ta ne kamar daga rediyon wani gida.

Karatu ya zagaya ya dawo. Warfa ya ɗan yi tuntuɓe a zagaye na biyu, ya kama kansa da kansa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Aka sake zagayawa. Muryoyi suna tashi suna sauka, dattawa sun ajiye kofuna, wasu sun rufe ido.

Ta dawo kan Ma'allin Tahlil a karo na uku. Ya kawo ayar da ke cewa Ubangiji ne zai tara su, aka kama ƙarshenta.

Sai kan Warfa.

Ya ja numfashi, ya buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Ya maimaita ƙarshen ayar malamin a hankali, ko za ta jawo masa ta gaba. Ba ta jawo ba. Ya shafa gemu, ya dubi silin, ya yi 'yar dariyar kunya.

"Tana nan a bakina."

Idanu suka koma kan Dalmar. A da'irar Ma'allin Tahlil, idan aya ta kuɓuce wa mutum, na damansa ne yake buɗe masa, domin shi ne mai jiran karɓa daga hannunsa. Yaran da ba su kai shiga da'ira ba ma sun san wannan.

Dalmar yana kallon zanen darduma a gabansa.

Wani dattijo ya gyara zama, kujerarsa ta yi ƙara. Liban ya dubi Dalmar, ya sake dubansa, ya ga bai motsa ba. Ya sunkuyo zai raɗa wa Warfa farkon ayar.

Ma'allin Tahlil ya ɗaga hannu, bai ko juya ba.

"Liban, ba haƙƙinka ba ne."

Liban ya koma ya zauna.

Warfa ya ɗora tafin hannunsa mai kaushi a kan gwiwar ɗansa, yana murmushi har yanzu, ya rage murya.

"Ka bar tsohonka yana jin kunya a gaban mutane? Kalmar farko kawai, ɗana. Sauran zan iya."